Hunturu ya gabato, aljihu babu nauyi: da me magidanci zai fara?

Magidanci, Kano:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan abin da ya tsaya mini a rai. Albashina bai ɗara mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 da wani abin kirki ba. Ina da mata da 'ya'ya biyar, autan watansa huɗu, kuma mahaifiyata tana zaune tare da mu. Gidan haya ne mai ɗaki biyu, rufin kwano babu silin, daɓen siminti. Bara daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu yara uku suka kwanta da mura da tari, kuma da na yi lissafi daga baya sai na ga kuɗin da na zuba a kemis ya fi wanda zan kashe da na sayi barguna tun farko. Yanzu muna ƙarshen Oktoba, iskar asuba ta fara sauyawa. Da me zan fara, me kuma zan iya haƙura da shi? Akwai batu na biyu: Inna ta dage sai an riƙa shigar mata da kaskon gawayi ɗaki idan dare ya yi, domin da haka ta saba tun tana ƙauye, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba.

Uwargida, Jos:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu da muke kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, ba sai an gaya mana zafin cizon sanyi ba, domin akwai daren da yake sauka ƙasa da digiri 10. Shawarata ita ce ka fara da ƙasa kafin ka yi maganar bargo. Mutane suna tula wa yaro mayafi a sama alhali simintin da yake kwance a kai shi ne yake zuƙe masa ɗumin jiki har gari ya waye. Ka je wurin masu shagon kayan masarufi ka karɓi kwalayen da suka gama da su, wasu kyauta za su ba ka, ka shimfiɗa biyu ko uku a ƙarƙashin tabarma ko katifa, ka ɗora tsohon buhu a kai. A daren farko za ka ga bambanci. Bayan wannan sai hula da safa ga kowane yaro, sannan rigar sanyi. Bargo ɗaya babba da yara uku za su shiga tare ya fi ƙanana uku amfani, kuma ya fi sauƙin kuɗi, domin jikinsu yana ɗumama juna. Kuma ka saya yanzu. Duk wanda ya bari sai hazo ya sauka ya je kasuwa, to ya kai kansa inda mai kaya zai faɗi farashin da ya ga dama.

Mai sana'ar gwanjo, Ƙofar Wambai:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ni da nake cikin sana'ar zan ƙara bayani. A watan Oktoba da farkon Nuwamba muke kwance dilolin kayan sanyi, lokacin masu saye ba su yi yawa ba, mutum yana da sararin ya zauna ya zaɓa ya kuma yi ciniki. Da zarar an wayi gari an ga ƙura ta rufe rana, kowa sai ya tuna yana da yara, kayan kirki sun riga sun tafi, saura kuma sun yi tsada. Idan ka zo, Malam, kada kyan launi ya ɗauke ka. Ka ɗaga suwaita ka duba ta a hasken rana, idan haske yana ratsa saƙar sosai to iska ma za ta ratsa. Ka duba hammata da wuya da bakin hannu, ka ja zif sau biyu ko uku. Ka ɗauki wadda ta ɗan yi wa yaro girma domin ta kai shi baɗi, daga baya ƙaninsa ya gada. Riguna biyu marasa kauri da aka haɗa sun fi guda mai kauri riƙe ɗumi, kuma idan hantsi ya yi yaro zai cire ɗaya ba tare da ya yi gumi a ciki ba. Kafin a sa wa kowa, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana wuni guda.

Malamin firamare, Gusau:
Ina girmama masu cewa a saya da wuri, amma ina ganin an tsallake ainihin matsalar. Ba rashin sanin cewa Oktoba ta fi araha ba ne yake hana talaka saye, rashin kuɗin ne a hannu a daidai lokacin. A watan Satumba aka biya kuɗin makaranta, aka sayi littattafai da kayan makaranta, sannan kaka ce, lokacin da mai hankali yake so ya ajiye ko da buhu guda na masara ko gero tun farashi bai tashi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai yana cin kaso mai yawa na albashi. To a wannan hali wanne za a fifita, hatsi ko bargo? Ni dai hatsi nake fifitawa, domin yaron da ya kwana da yunwa ya fi jin sanyi ko da an lulluɓe shi da bargo bakwai. Abin da ya taimake ni shi ne adashi. Mu malamai shida ne muke zubi, kuma na roƙi abokan zubin su bar mini kwasar watan Oktoba kowace shekara, da ita nake raba wa hatsi da kayan sanyi.

Uwargida, Jos:
Malam, ban ƙi maganarka ba, kuma shi ya sa na fara da kwali da buhu waɗanda ba sa buƙatar adashi. Haka nan toshe kafofin iska. Tsohon zani da aka naɗe aka tura ƙarƙashin ƙofa, leda mai kauri da aka buga a tagar da ke fuskantar arewa maso gabas inda iskar take fitowa, labule na biyu daga tsohon zanin gado, duk waɗannan aikin yini guda ne. Tunda ɗakinsa babu silin, zai iya ɗinke buhunan da aka zazzage ya ɗaure su a ƙarƙashin kwano, su rage sanyin da ke sauka da kuma ƙurar da ke shigowa ta bakin rufi.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya:
Ina roƙon a dakata a nan, domin an haɗa abubuwa biyu da idan suka haɗu a ɗaki ɗaya suna kisa. Yaya ta Jos ta ce a toshe kafofin iska, shi kuma mai tambaya ya ce Inna tana son kaskon gawayi. Kowanne daban yana da hujjarsa, amma ɗakin da aka toshe aka kuma sa masa garwashi ya zama tarko. Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya farka. Tana kama jini fiye da yadda iskar da muke rayuwa da ita take kama shi sau sama da 200, sai jini ya riƙa zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata ba. Mutane da yawa suna zaton idan hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, hatsari ya wuce. Wannan kuskure ne, jan garwashin nan yana ci gaba da fitar da ita.

Na taɓa karɓar wata uwa da 'ya'yanta biyu da asuba a wani watan Janairu. Maƙwabta ne suka ɓalle ƙofa da suka ji shiru har bayan sallah. Uwar da babban sun farfaɗo, ƙaramar ba ta tashi ba. Har yanzu ina tuna hular ulu ja da ke kanta, wadda uwar ta ce a ranar ta saya mata. Danginsu sun yi ta cewa abincin dare ne, wasu suka ce iskokai ne, alhali kaskon yana nan a gindin gado da tokarsa. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da irin wannan a lokaci guda, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ƙofa da taga, a tafi asibiti. Janareta a zaure ko a bakin taga ma hukuncinsa ɗaya. Malam, kada ka yarda kasko ya kwana a ɗakin Inna, musamman da yake na tabbata jikoki suna kwana tare da ita.

Dattijo, Damagaram:
'Yata ma'aikaciyar jinya, Allah ya yi miki albarka, amma ki bar ni in kare tsohuwar nan kaɗan, domin ba wauta ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa ba. Shekaruna sun haura saba'in, kuma da wuta a ɗaki muka tashi. Sai dai ɗakin da muka tashi a ciki ba irin na yanzu ba ne. Bukkar ciyawa tana numfashi ta ko'ina, hayaƙi yana fita ta jinka, ƙofar kuma asabari ne. Soron ƙasa mai rufin azara shi kuwa katangarsa mai kauri tana shan zafin rana ta riƙe, da dare ta sako shi a hankali, ba ya ma buƙatar wuta sosai. Ɗakin bulo da kwano yana yin zafi kamar tanderu da rana, ya yi sanyi kamar randa da dare, ga ƙofar ƙarfe da tagar gilashi da suke rufuwa ruf. Al'adar ta taho birni, ɗakin da ya dace da ita an baro shi a ƙauye. Saboda haka ɗana, idan za ka yi wa mahaifiyarka magana, kada ka ce mata abin da ta saba ba daidai ba ne, ka ce mata ɗakin ne ya sauya. Tsofaffi muna jin magana idan ba a raina abin da muka sani ba. A nan wajenmu, da Agadas inda sanyin dare ya fi namu tsanani, ana jin wuta a tsakar gida bayan isha'i, a sha shayi, jiki ya ɗauki ɗumi, sannan a kashe a shiga ɗaki.

Mai sayar da gawayi, Kaduna:
Baba ya yi magana mai ma'ana. Ni gawayi nake sayarwa, cinikina a lokacin sanyi yake ƙaruwa, amma ba zan ce wa kowa ya kwana da shi ba. Tambayata ga ma'aikaciyar jinya ita ce, idan an shigar da kaskon na ɗan lokaci kafin a kwanta, ɗaki ya yi ɗumi, sannan aka fitar, shi ma haramun ne? Domin da yawa daga masu saye a wurina haka suke yi.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya:
Malam, ya fi a kwana da shi sauƙi, amma ba zan ba da shawararsa ba. Gubar da ta taru ba ta bin kaskon waje, tana nan a ɗakin sai an buɗe iska ta kore ta, idan kuwa aka buɗe ɗumin ma ya tafi, an ƙona gawayi a banza. Sannan wanda ya ce zai fitar kafin ya kwanta, wata rana gajiya za ta sa barci ya sace shi. Ga abin da ya fi: a ɗora dutse ko bulon jar ƙasa busasshe a gefen murhu lokacin girkin dare, a naɗe shi da tsumma mai kauri, a sa a wajen ƙafafun Inna a cikin bargo. Ko a cika jarka ƙarama mai murfi mai kyau da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, a naɗe ta da zani. Ga jariri kuwa ba a sa masa ko ɗaya, jikin uwarsa da hula da safa sun ishe shi, kuma kada a rufe masa fuska da bargo, kada a shafa masa man zafi ko kafur a hanci. Kuma ko babu wuta, a bar wata 'yar kafa a sama da iska za ta riƙa shiga, domin cunkoso a rufaffen ɗaki a lokacin ƙura shi ne abokin sanƙarau. Waɗanda suka ga annobar 1996, da ta 2015 a Yamai, da ta 2017 da ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, sun san abin da nake nufi. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba abin jira ba ne zuwa safiya. A duba katin rigakafin kowane yaro tun yanzu, wannan ba ya cin ko kwabo a asibitin gwamnati.

Uwargida, Jos:
Na karɓi gyara, 'yar'uwa, ya kamata in faɗi haka tun farko: a toshe ƙasa da gefen da iska take bugowa, a bar sama. Bari in ƙara maganar ruwan wanka, domin a nan kuɗin icce da gawayi yake tafiya. Mu mun mayar da wankan yara zuwa bayan sun dawo makaranta. Ina cika baƙar jarka in ajiye a rana tun hantsi, kafin la'asar sanyin ruwan ya karye, sai a sirka da buta guda ta ruwan zafi. Da safe wanke fuska da hannu da ƙafa ne kawai, da ruwan da na zuba a fulas tun dare. Wake kuma ina jiƙa shi ya kwana, in tafasa shi sosai, in sauke tukunyar a rufe in naɗe ta da tsohon bargo in tura cikin kwali, zafin da ke ciki ya ƙarasa nunar da shi. Da an fito wanka a shafa man kaɗe tun jiki bai bushe ba, a leɓe da dunduniya musamman, sannan a sa safa. Faso idan ya riga ya tsage ya fi wuyar magani, kuma man kaɗe na kasuwa da ake aunawa ya fi na kwalba araha nesa ba kusa ba.

Tsohon ma'aikacin kashe gobara:
Ba a ambaci gobara ba, kuma lokacinta ne. Iskar hunturu tana tasowa daga Sahara, ƙurarta da yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take fitowa, kuma busasshiya ce ƙwarai, tana mayar da katifa da labule da katako kamar audugar da ke jiran ashana. Wanda ya ga yadda kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016 ya san abin da wuta take yi a ƙarshen wannan yanayi. A gidaje, abin da na fi gani shi ne hitar dafa ruwa. Mace ta jona ta a bokitin roba, aka ɗauke wuta, ta manta ta fita unguwa, aka dawo da wuta babu kowa, ruwan ya ƙone, robar ta narke. Sai kyandir da maganin sauro na kunnawa kusa da gidan sauro. Malam mai tambaya, buhunan da aka ce ka ɗaura a ƙarƙashin kwano suna da amfani, amma ka nisanta su da wayar lantarki da ƙwan fitila, kuma ka ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa. Tokar murhu a yayyafa mata ruwa kafin a zubar a juji.

Malamin firamare, Gusau:
Zan koma kan abinci, domin har yanzu ina ganin shi ne rabin maganin. Yaran da nake koyarwa, da ƙarfe bakwai da rabi na safe ina iya gane wanda ya sha koko ko kunu mai zafi da wanda ya fito haka nan, na biyun yana dunƙule, hannu a cikin riga, ba ya iya riƙe fensir. Kunun gero da citta da kanumfari da masoro ba ya da tsada idan an sayi geron a kaka. Sauƙin da Allah ya kawo shi ne daga Disamba kayan lambu na noman rani suna fara fitowa, tumatir da albasa da kabeji da karas suna sauka, sai a yi amfani da damar a yanka tumatir a shanya kauɗa a wannan busasshiyar iska, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura. A riƙa tuna wa yara shan ruwa, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa. Wanda yake da mai sikila ko mai asma a gida, shi za a fara saya wa rigar sanyi da takunkumi, a kuma tanadi maganinsa kafin a shiga Disamba. Ina da ɗalibi mai sikila da duk shekara a wannan lokaci yake rasa makonni na karatu.

Mai kiwon kaji, Bauchi:
A gafarce ni in sako abin da ya shafi masu 'yan kaji a tsakar gida, domin su ne asusun mata da yawa. Annobar da ke share kaji tana yawaita a hunturu, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom tana yin rigakafinta wanda ake ɗiga wa kaza a ido ko a sa a ruwan sha. Kwalba ɗaya tana isar kaji da yawa, sai maƙwabta su haɗa kuɗi su nemi malamin dabbobi. Kazar da ta tsira ita ce za a sayar a Janairu idan yaro ya kwanta ciwo.

Dattijo, Damagaram:
Abu ɗaya ya rage da ban ji an faɗa ba. Idan an sayo wa yara na bana, na bara da suka yi musu kaɗan kada a mayar da su tsumma. Almajirin da yake wa gidanku aike yana kwana a zaure ko a shago, wani a kan tabarma guda da riga guda, kuma da asuba shi ne yake fita neman kara da zai hura ya yi karatu. A wanke a ba shi hannu da hannu, a haɗa masa da kwali biyu daga cikin waɗanda aka samo.

Magidanci, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda aka kwana. Ranar Asabar na samo kwalaye daga wani mai shago a layinmu, mun shimfiɗa a ɗakuna biyun, na toshe ƙasan ƙofa da tagar gabas, na bar ta sama a buɗe kaɗan. Na je gwanjo na samo hula da safa na yara biyar da suwaita uku, manyan biyu za su yi maneji da na bara. Babban bargo da rabin buhun gero sai albashi ya shigo, kuma na yi wa abokan aikina maganar adashi don baɗi. Inna na yi mata magana yadda Baba na Damagaram ya ce, na kuma ba ta labarin yarinyar mai jar hula. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce a gwada mata dutsen, amma da sharaɗin za a riƙa hura mata wuta a tsakar gida bayan isha'i ta ji ɗumi kafin ta shiga. Na amince. Baba, suwaita biyu na bara da suka yi wa yara kaɗan suna kan igiya, gobe almajirinmu zai karɓa. Abin da ban samu ba har yanzu shi ne buhunan rufi, domin masu hatsi sun ce kaka ce, su ma nema suke. Idan akwai wanda ya san inda ake samun tsofaffi da sauƙi a wajen Dawanau, ya taimaka ya sanar da ni kafin ƙarshen mako.